Garahunin da Kotayya Ya Bari a Kasi

Surukata Kanakamma tana da magana ɗaya da take rufe kowace rigima da ita. In mai kawo madara ya makara, ko ɗanta ya manta saƙon da ta ba shi, ko ni na bar shinkafa ta caɓe, sai ta karkaɗe gefen zanenta ta ce, "Ku kai ni Kasi ku baro ni can, kowa ya huta." Kasi dai can ne tsofaffinmu suke burin zuwa su yi wanka a kogin Ganga, wasu ma su zauna har ƙarshen kwanansu. Mu da muka san ta ko ɗar ba ma ji. Matar da ba ta iya kwana a gidan ƙanwarta saboda tunanin rumfar garahuninta, ita ce za ta zauna a Kasi?

'Yar manoman barkono ce daga wani ƙauye a bayan Guntur, kuma barkonon bai tsaya a gonar ubanta ba, ya biyo ta har harshe. Gajera ce, ga murya. In ta ƙwala mini kira daga bayan gida, har masu sayar da ayaba a bakin titi sai sun waigo. Ni Attayya nake ce mata, yadda kowace mace take kiran uwar mijinta, shi kuma mijinta, tsohon gidan, in ce masa Mabayya. Sunansa Kotayya, tela ne, ɗakin gaban gidanmu a Tenali shi ne shagonsa. Shi kam sai ya yini bai ce uffan ba, daga ƙarar keken ɗinki sai tari. Mijina Sambu yakan ce allurai ne suka saba zama a bakin babansa har magana ta rasa hanyar fita. Ni a ganina Attayya ce ta riga ta yi maganar mutum biyu, shi bai ga abin ƙarawa ba.

Labarin yadda garahuni ya shiga aurensu na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kullum daga bakinta. Al'ada ce amarya ta fara girki a gidan miji da abu mai zaƙi. Ita ma ta ɗora madara da shinkafa da mazarƙwaila, sai dai ba ta san halin murhun gidan ba. Kafin ta juyo tukunya ta kama, ƙauri ya cika ko'ina, ga dangin miji zaune a tsakar gida suna jira. Da wata amaryar ce kuka za ta sa. Ita kuwa ta zaga baya, ta ga garahuni ya yi yaɗo a jikin danga, ta tsinko, ta cusa masa haɗi irin wanda kakarta take yi. Da ta rasa zaren ɗauri sai ta zaro daga gefen jan zanen amarcinta, ya kuwa zuba ya rina man. Uwar mijin na gani ta dafe ƙirji, wai ɗaci a ranar farko. Ango kuwa ya jawo nasa. Ya warware zaren ya ajiye a gefen ganyen ayabar da yake cin abinci a kai, ya cinye tas, ya nuna wurin da yatsa a ƙaro. Washegari ta tarar da sabon farin zare a tagar kicin, irin wanda ba ya zuba.

"Kin ji duk zancen soyayyar da ya taɓa yi mini," takan ce. "Zare."

Tana faɗa tana taɓe baki, amma ni na ga yadda take ɗaukar zaren nan. Tun daga lokacin bai taɓa yankewa a tagar ba. Da ya kusa ƙarewa za a wayi gari a ga sabo, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi godiya.

Ranar da za ta yi cusasshen garahuni kowa a gidan yana shiga taitayinsa. Da kanta take tsinkowa, ƙanana masu duhun kore, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Ta kankare bayan sama-sama, ta tsaga ta gefe ɗaya, ta ƙwaƙule 'ya'yan da babban yatsa, ta murje ciki da waje da gishiri da kurkum ta bar shi ya tsatso da ruwa. Sannan ta ɗan tafasa shi cikin ruwan tsamiya. Ba ta yarda a kashe ɗacin gaba ɗaya ba. "Wanda ba ya son ɗaci ga rake can a kasuwa," in ji ta. Gyaɗa da riɗi da busasshiyar kwakwa da barkono, kowanne daban take soya shi a busasshen kasko, don ta ce ba su da haƙuri iri ɗaya. Ta dake su a turmi da tafarnuwa, ta haɗa da albasar da ta soyu ta yi ja, ta gutsura 'yar mazarƙwaila. Sai ta cusa, ta naɗe da zare, ta jera a man riɗi a kan wutar da ko ƙwai ba za ta dafa da wuri ba. Nan za ta tsuguna tana juya su da yatsunta har bayansu ya yi duhu ya yi ƙyalli. Ƙamshin kan haura katanga ya bi layi.

To amma in faɗi gaskiya, a gidan mutum ɗaya ne yake cin abin da zuciya ɗaya. Ni haɗin nake kwashewa in binne ɓawon a ƙarƙashin shinkafa. Sambu ya fi ni iya shege, shi ranar ce yake tuna yana da aiki a wani gari. Mabayya ne zai zauna, ya warware zaren a hankali ya ajiye a gefe, ya kwaɓa da shinkafa mai zafi da man shanu, ya ci kansa a sunkuye. Ba ya santi, ba ya yabo, sai dai ya nuna wurin da yatsa. Ita kuma tana tsaye da cokali tana mita, wai mutum sai ka ce an ɗinke masa baki, amma kafin yatsan ya sauka ta zuba.

A unguwa ma an san ta da shi. Masu ciwon suga ana aiko musu, mai ciki in ta yi kwaɗayi nan ake zuwa. Wadda ba ta taɓa yarda ba ita ce maƙwabciyarmu Bullemma, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Tare suka tsufa ita da Attayya, kullum suna musayar gishiri da habaici ta saman katangar, kuma in ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ce take jinyarta tana zaginta.

Shekarar da Sambu ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya ce zai cika wa iyayensa burinsu na zuwa Kasi. Tsofaffin layinmu suka haɗa ayari, har da Bullemma, ni kuma aka ce in bi su in riƙa kula da magunguna da jakunkuna. A cikin jirgin ƙasa ba a yi nisa ba hira ta koma kan abin da kowa zai bari. Duk wanda ya je Kasi yakan bar wani abinci guda da yake so, ya yi alkawari a gaban kogin ba zai ƙara sa shi a baki ba har ya mutu. Haka dai aka ce. Abin da ake yi kuwa kowa ya sani: mutum ya zaɓi abin da da ma ba ya ci, ya dawo gida da lada da cikinsa lafiya.

"Ni dai garahuni," in ji Bullemma tana ɓare gyaɗa. "Uwata shi ta bari, kakata ma shi ta bari. Gadon gidanmu ne."

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce ai kogin nan ya sha garahunin mutanenmu har ruwansa ya kusa yin ɗaci.

"Wanda bai iya dafa abu ba ai dole ya kai shi kogi," Attayya ta ce ba ta ko dube ta ba. Sannan ta zunguri mijinta. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Emandi, irin na matan da. "Emandi, in an zo kanka ka ce kabewa. Ba ka damu da ita ba. Ka ji ni?"

Ya gyaɗa kai yana kallon gonaki ta taga.

Da safe muka gangara matakalar kogin. Mai jan ibadar wani ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can, yana magana da sauri irin ta wanda ya maimaita abu ɗaya tun asuba. Ya jera tsofaffin cikin ruwa, ya ce kowa ya ɗebo a tafin hannu. "Kowa ya bar abin da ransa ya fi so, ya bar shi har abada. Ke baba, me kika bari?" Bullemma ta ce garahuni. Na kusa da ita ya ce garahuni. Aka zo kan Attayya ta ce kuɓewa, abin da tun zuwana gidan ban taɓa ganin ta kai bakinta ba, don ta ce yauƙinta yana tayar mata da zuciya. Ina tsaye a kan matakala da tawul a hannu ina danne dariya.

Sai aka zo kan Mabayya. Ya tsaya ruwa har ƙugu, ruwan da ya ɗebo yana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. Mutumin ya sake tambaya. Attayya ta zungure shi da gwiwar hannu tana raɗa masa kabewa.

"Garahuni," ya ce, ya zuba ruwan.

Bullemma ce ta fara dariya, har tana riƙe kafaɗar ta kusa da ita kada ta zame. "Ayyo, Kanakam, ashe bawan Allah haƙuri yake yi duk shekarun nan. Sai da ya zo gaban kogi ya samu mai cetonsa." Sauran ma suka ɗauka. Ba mugunta suka yi niyya ba, abin ne ya zo daidai da abin dariya: kowa ya san wanda ya bar garahuni a Kasi ba ya son sa ne.

Na jira Attayya ta tayar da garin da masifa. Ba ta yi ba. Ta fito daga ruwa, ta karɓi tawul daga hannuna, ta hau matakala ita kaɗai. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan duk faɗan da ta taɓa yi mini.

Haka muka dawo Tenali. Gidan ya zama wani iri. Tana dafa masa abinci, ta zuba, ta koma kicin ba ta tsaya a kansa da cokali. Mai madara ya makara ta karɓa ba ta ce komai ba, har mutumin ya tambaye ni ko ba ta da lafiya. Bullemma ta leƙo ta katanga ta jefo habaici ta ji shiru, jikinta ya yi sanyi, ta koma aiko da ayaba. Zancen a kai ta Kasi kuwa ya ɗauke ɗif. Ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba, sai ga shi na yi.

Wata rana muna tsintar shinkafa ni da ita sai ta ce, ba ta ɗago ba, "Shekara arba'in da 'yan kai ina tsugune a gaban wuta, gwiwoyina sun ƙare a kan abin nan. Ina cewa shi ne abin da na iya da ba wadda ta iya yi masa. Ashe haɗiya yake yi don kada in yi surutu."

"Attayya, mutumin da ba ya so ba ya neman ƙari."

"Mutumin da yake tsoron bakina zai nema. Kin san bakina."

"To ki tambaye shi mana."

"In tambaye shi me? Ya faɗa a gaban kogi, ya faɗa a gaban Bullemma. Me ya rage?" Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Da ya ce mini tun farko, da na koyi dafa wani abin. Yanzu fa? Na tsufa."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ba garahunin ne ya dame ta ba, aurenta ne gaba ɗaya take juyawa tana dubawa ko akwai abin da ya rage na gaskiya a ciki. Na je shago na samu Mabayya yana datsa hannun wata riga. Na ce masa ya yi mata magana, ranta a ɓace yake. Ya cire allura daga baki, ya yi kamar zai ce wani abu mai tsawo, sai ya ce, "Ai na faɗa." Ya mayar da allurar. Na ji kamar in ɗaga keken ɗinkin in kifa masa.

A bayan gida garahuni ya yi ta nuna a kan rumfa ba mai tsinka. Ya yi ruwan ɗorawa, ya fashe, jajayen 'ya'yan suka zubo tsuntsaye suna ɗauka. Amma ƙasar gindinsa kullum a jiƙe take. Da na sa ido sai na ga tsohon ne yake fitowa da sassafe da bokiti, ya ba shi ruwa, ya gyara yaɗon da ya sauko, ya koma shago kafin ta fito daga wanka. Farin zare ma ya bayyana a tagar kicin kamar yadda ya saba. Ta ɗauka ta kai ta dangwarar a kan kekensa. Washegari ya dawo taga. Haka suka yi ta yi, zare yana safa da marwa tsakanin kicin da shago, ba mai ce wa wani kanzil.

Ƙarshe ta kira Sambu ta ce ranar Lahadi ya aro adda ya sare rumfar, za ta shuka kabewa a wurin. Ya dube ni, na dube shi. Mun san in rumfar nan ta faɗi, maganar ta zauna ke nan yadda ta fahimce ta.

Ranar Lahadi da safe, da Sambu ya fita aron adda, na ɗauki kwando na tsinko 'yan koren da suka rage. Dabarata ba ta da zurfi. Na san Attayya za ta iya jure komai ban da ta ga ana ɓata garahuni a kicin ɗinta, ni kuwa ba sai na yi ƙoƙari ba wajen ɓatawa. Na tsaga su har wasu suka rabe biyu, na cusa wa kaɗan haɗin da na fara dakawa, na ɗora albasa, na sake zuba gyaɗa da riɗi da barkono a kasko ɗaya, na buɗe wuta, ina ta buga cokali don ta ji. Ta kuwa ji, tana ɗaki, amma ta ƙi fitowa.

Wanda ya fito daban ne. Na ji keken ɗinki ya tsaya. Sai ga Mabayya a ƙofar kicin da abin awo rataye a wuya, mutumin da tun da na zo gidan ban taɓa ganin ƙafarsa ta tsallake dokin ƙofar nan ba.

"Riɗin zai ƙone kafin gyaɗar ta ji wuta," ya ce. "Daban-daban take yi."

Na saki baki ina kallonsa.

"Rage wutar. Kin sa tsamiya a ruwan? Ba a barin ya yi laushi, in farce ya shiga ta sauke." Ya matso ya leƙa turmi. "Mazarƙwailar ta yi yawa. Na damina bai kai na rani ɗaci ba, rabin wannan take sawa." Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na cusa, ya ga yadda na tufke shi da zare kamar buhun gawayi, ya girgiza kai. Ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara, ya warware, ya fara naɗewa daga wutsiya zuwa kai. "Ba ta ƙullawa. Sai dai ta soke bakin zaren a ƙarƙashi, don mai ci ya ja sau ɗaya ya warware."

"Mabayya, a ina ka koyi duk wannan?"

"Tagar shago tana kallon nan," ya ce.

"To tunda ka iya haka, me ya sa ka jefa shi a kogi?"

Ba ni na yi tambayar ba. Attayya ce tsaye a bayansa, hannu a ƙugu, muryar nan da muka yi kewa ta dawo da ƙarfinta. "Na ce ka ce kabewa. A gaban Bullemma, Emandi. A gaban duk 'yan layinmu. In ba ka so, ba ka da bakin faɗa mini a ɗaki? Sai ka bari na tsufa a kan abu sannan ka tona mini asiri a garin mutane?"

Bai miƙe ba. Ya ci gaba da naɗe zaren, ya soke bakinsa, ya ajiye a faranti, ya ɗauki wani. Na ce shi ke nan, zai sake cewa ai ya faɗa.

"Mutumin cewa ya yi abin da rai ya fi so," ya ce a hankali. "Na tsaya ina dubawa. Ban iya ce wa kogi kabewa ba, kogi ne, ba Bullemma ba ce." Ya ja zare ya datse da haƙori. "Da na duba sai na ga abu biyu ne. Ke kuma kullum cewa kike a kai ki Kasi a baro ki. To ga mu a Kasin, ga mutum yana tambaya. Na ce gara in ba su garahunin in dawo da ke."

Albasa tana ta ƙara a kasko. Ni kam hawaye ne ya cika mini ido, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Attayya ta sauke hannu daga ƙugu. Ta kalli taga, ta kalli zaren da ke hannunsa, ta ja gefen zanenta ta goge fuska.

"Ke kuma kin tsaya kina kallon mutane albasa tana ƙonewa," ta ce mini. "Barkonon nan da kika babbaka duk ya cika wa mutum ido. Matsa."

Ta ture ni, ta rage wutar, ta kwashe riɗin da na ƙona ta zubar, ta ɗebo sabo.

"Ke dai kuɓewa kika bari," in ji Mabayya, kansa a ƙasa, gefen gashin bakinsa yana motsi.

"Rufe mini baki. Duk shekarun nan ba ka magana, yau za ka fara? Ɗaure wancan da kyau, ya yi sako-sako."

Ana haka Sambu ya shigo da adda a kafaɗa yana tambaya ta ina zai fara. Ta ce ya taɓa rumfar nan ya gani. Ya tsaya yana kallon babansa tsugune a kicin da zare a baki, ya juya a hankali ya mayar wa masu addar kayansu.

Alkawarin kogi dai ba ya warwaruwa, kuma ba wanda ya nemi a warware shi. Abin da ta yi shi ne, kafin haɗin ya taɓa garahuni ta ɗebi cokali biyu ta ajiye a wani ɗan kwano daban. Da aka zauna cin abinci ta zuba masa shi a kan shinkafa mai zafi, ta kwarara man shanu, ta tsaya a kansa da cokali tana mita. Ya ci, ya nuna wurin da yatsa.

Wahalar a kanmu ta faɗo, ni da Sambu. Tunda tsohon ba zai ci ba, mu ne za mu ci, kuma har ɓawon, don yanzu idanu huɗu ne a kanmu. Mabayya yakan zauna yana bin lomar da kallo tun daga faranti har baki, sannan ya tambaye ni ko bayan ya soyu, ko tsamiyar ta fito. Sai in ba shi labari dalla-dalla, yana gyaɗa kai yana haɗiyar yawu. Har yanzu da ɗaci, ba zan yi ƙarya ba, amma kwanaki na kama kaina ina nuna wurin da yatsa.

A ranar Lahadin nan ta zuba guda huɗu a kwano ta rufe ta ce in kai wa Bullemma. Bullemma ta buɗe ta ce ai an san ta bar shi a Kasi. Na ce Attayya ta ce ba don ta ci ba ne, ta shaƙa ta dawo mata da kwanonta. Kafin in fito na zauna na ba ta labarin abin da tsohon ya ce, kalma bayan kalma, don na san kafin yamma zai gama layi. Ya kuwa gama. Mazan unguwar da suka bar garahuni a Kasi sun sha tambayoyi a makon nan.

Yanzu ranar cusasshen garahuni keken ɗinki yakan yi shiru. Mabayya yana da 'yar kujerarsa a kicin kusa da taga, ita tana cusawa tana miƙa masa, shi yana naɗewa. Rannan suna cikin haka Sambu ya dawo daga kasuwa ya manto riɗi, abin da ta aike shi musamman. Ta miƙe ta karkaɗe gefen zanenta.

"Ni dai na gaji da ku. Ku kai ni Kasi ku..."

Ta tsaya. Tsohon ya ɗago da zare a haƙori yana kallonta.

"Ku dawo da ni," ta ce. "Kai kuma koma ka sayo riɗin."